TARIHI: Ferruccio Lamborghini, makaniken da ya gina masana'anta daga gwanjon motocin soja

A yau, da an ambaci sunan Lamborghini, abin da ke faɗo wa mutane a rai shi ne motar alfarma mai gudun tsiya, irin wadda 'yan ƙwallo da mawaƙa da 'ya'yan masu mulki ke ɗaukar hoto a jikinta. Mutumin da ya bar wa motar sunansa kuwa ya fara ne daga wani wuri mai nisa da wannan. Ɗan manomi ne wanda ya koyi kanikanci, ya yi wa soja gyaran mota a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ya dawo gida ya tarar da ƙasarsa a rushe, sannan ya tara dukiyarsa ta farko daga tsofaffin motocin yaƙi da gwamnati ta yi gwanjonsu.

Labarinsa ya haɗa da na wata hukumar gwamnati da aka damƙa wa dukiya mai tarin yawa, da na wata doka da ta bai wa ƙananan manoma rance, da kuma na wani juyin mulki a can Kudancin Amurka wanda ya taimaka wajen karya masa jari. Duk wanda ke son ya fahimci yadda shawarar masu mulki ke ɗaga ɗan kasuwa ko ta kayar da shi, zai sami abin nazari a rayuwar wannan mutum.

Ɗan masu gonar inabi

An haifi Ferruccio Lamborghini ranar 28 ga Afrilu, 1916, a ƙauyen Renazzo da ke ƙarƙashin garin Cento, a lardin Ferrara na arewacin Italiya. Mahaifinsa Antonio da mahaifiyarsa Evelina manoma ne masu gonar inabi. Yankin nasu, wanda ake kira Emilia, shimfiɗaɗɗen fili ne mai albarka a kwarin kogin Po, amma a wancan zamani yawancin aikin gona da hannu da shanu ake yinsa. Da yawa daga cikin masu noman ba su mallaki ƙasar da suke nomawa ba, aiki suke yi wa masu gonaki a raba amfanin gona a ƙarshen shekara.

Iyayensa sun so ya gaji gonar, shi kuwa hankalinsa ya fi karkata ga ƙarfe da inji. Ya shiga makarantar koyon sana'a ta Fratelli Taddia, ya kuma yi zaman koyon aiki a gareji a birnin Bolonya. Ƙuruciyarsa gaba ɗaya ta faɗo ne a zamanin mulkin Benito Mussolini, wanda ya hau mulki a 1922 lokacin Ferruccio yana ɗan shekara shida. Bai yi suna a siyasa ba, a lokacin ko daga baya. Sai dai siyasar ba ta ƙyale shi ba, domin a 1940, da Mussolini ya jefa Italiya cikin yaƙi a ɓangaren Jamus, an ɗauke shi aikin soja.

Makarantar da yaƙi ya buɗe masa

An tura shi tsibirin Rodos da ke tekun Bahar Rum, kusa da gaɓar Turkiyya. Tsibirin yana cikin ƙasar Girka a yau, amma a lokacin yana hannun Italiya tun 1912. An sa shi a sashen kula da motocin soja, har ya kai ga shugabantar garejin.

Aiki a tsibiri lokacin yaƙi yana da wahalarsa ta musamman. Jiragen ruwan da ke kawo kayan gyara ba kullum suke isowa ba. Idan mota ta lalace, sai makanike ya ciro abin da ya rage da rai a jikin wata matacciyar mota ya haɗa, ko ya ƙera abin da babu da hannunsa. A nan Ferruccio ya ƙware a kan haɗa injin wannan kamfani da giyar wancan, da sanin abin da zai jure wahala da abin da ba zai jure ba. Wannan ilimi shi ne jarinsa na farko.

A watan Satumba na 1943 Italiya ta ajiye makamai ta daina yaƙar Ƙasashen Ƙawance, nan take sojojin Jamus suka ƙwace Rodos daga hannun tsofaffin abokansu. A 1945 kuma tsibirin ya faɗa hannun Birtaniya, aka tsare Ferruccio a matsayin fursunan yaƙi. Bai sake taka ƙasarsu ba sai a 1946, shekarar da 'yan Italiya suka kaɗa ƙuri'ar raba gardama suka soke sarauta suka kafa jamhuriya.

Ya yi aure da Clelia Monti, ya buɗe ɗan ƙaramin gareji a kusa da garinsu. A 1947 matar ta rasu wajen haihuwar ɗansu Tonino. Yana da shekara talatin da ɗaya, da jariri a hannu, da sana'ar da ba ta kafu ba tukuna.

Dukiyar da yaƙi ya bari a baya

Sojojin Amurka da na Birtaniya sun shafe kusan shekara biyu suna yaƙi a Italiya, daga Sisili a kudu har zuwa arewa. Da aka gama, sun bar tulin kaya da ba su ga ribar kwashewa zuwa gida ba: manyan motocin ɗaukar kaya ƙirar GMC da Dodge da Chevrolet da Bedford da Morris, da ƙananan motocin Jeep, da tayoyi, da injuna, da janareto, da tufafi, da magunguna. An jibge su a filaye, musamman kusa da tashoshin jiragen ruwa irin su Napoli da Livorno, rana da ruwan sama suna cin su, ɓarayi kuma suna ɗiba.

A ƙasar da aka rusa wa gadoji da layukan dogo da masana'antu, waɗannan kaya dukiya ce babba. Duk wanda ya mallaki babbar mota guda a 1946 ya sami abin yi, domin akwai buƙatar jigilar abinci da siminti da gawayi ko'ina. Tambayar da ke gaban gwamnati ita ce wa zai sami kayan, kuma ta wace hanya.

A watan Oktoba na 1945 aka kafa hukumar da za ta karɓi kayan ta sayar da su, wadda aka fi sani da gajeren sunanta, ARAR. Aka naɗa Ernesto Rossi ya shugabance ta. Rossi masanin tattalin arziki ne kuma ɗan gwagwarmaya. Gwamnatin Mussolini ta kama shi a 1930, ya yi shekara tara a kurkuku, sannan aka kai shi zaman ɗaurin talala a tsibirin Ventotene. A can ne, a 1941, shi da Altiero Spinelli suka rubuta takardar nan da ta yi kira ga haɗin kan ƙasashen Turai, wadda har yau ake lissafa ta cikin tushen Tarayyar Turai.

Rossi ya san cewa manyan kamfanoni da 'yan siyasa sun zura wa kayan ido. Hanya mafi sauƙi ita ce a sayar wa mutum uku ko huɗu kayan baki ɗaya a farashin banza, su kuma su tsuga wa talakawa kuɗi. Ya ƙi bin wannan hanya. Ya dage a kan a riƙa yin gwanjo a bainar jama'a, a kuma kasa kayan ƙanana-ƙanana yadda mai ƙaramin jari zai iya taya wa. Wannan ya jawo masa baƙin jini a wurin masu hannu da shuni da masu neman alfarma, amma ya riƙe hukumar fiye da shekara goma ba tare da an same shi da cin amana ba.

Wannan tsari ne ya bai wa ɗan makanike daga Cento damar shiga filin gwanjo ya sayi abin da ƙarfinsa ya kai. Da an miƙa kayan ga 'yan tsiraru a asirce, da sai dai ya saya daga hannunsu a farashin da ba zai bar masa riba ba.

Saye daban, hawa titi daban

Wanda ya sayi motar soja a gwanjo yana da sauran aiki a gabansa kafin ya fara cin moriyarta. Motar ba ta da takardun farar hula, domin ba a taɓa yi mata rajista da sunan kowa ba. Dole mai saye ya riƙe takardar cinikin da za ta nuna ba sato ta ya yi ba, ya kai ta hukumar kula da motoci a duba lafiyarta, a ba ta lambar lardinsa, sannan a shigar da ita cikin kundin rajistar motoci na ƙasa, wanda Italiya ta kafa tun 1927 domin a san mai kowace mota da kuma bashin da ke kanta. Inshora kuwa a lokacin ganin dama ce. Sai a ƙarshen 1969 majalisa ta zartar da dokar da ta wajabta wa kowane mai mota yin inshorar ɓarnar da zai iya yi wa wani, dokar ta fara aiki a 1971. Kafin nan, direban da ya buge mutum da tsohuwar motar soja yana iya rasa duk abin da ya mallaka, wanda aka buge kuma yana iya tashi a tutar babu.

Babbar matsalar ita ce mai. An ƙera motocin Amurka da na Birtaniya ne domin rundunar da ba ta lissafin kuɗin fetur. A Italiya ta bayan yaƙi fetur yana da tsada ƙwarai saboda haraji da ƙaranci. Shi ya sa masu sufuri da yawa suka riƙa cire injin fetur suna sa na dizal, wasu kuma suka mayar da motocinsu masu amfani da iskar gas.

Ferruccio ya dubi motocin ta wata fuska. Ya san manoman yankinsu, ya san cewa abin da suka fi buƙata shi ne motar noma, kuma taraktocin da manyan kamfanoni irin su Fiat da Landini ke ƙerawa sun fi ƙarfin aljihun ƙaramin manomi. Tun kafin yaƙi ma, makanikan ƙauye sukan yanke tsohuwar mota su mayar da ita abin jan garma, jama'a suna kiran irin wannan haɗin gambiza da suna Carioca. Ya ƙudura zai yi irinta, amma da tsari da inganci.

Aikin ya fi yadda ake zato wuya. Babbar mota an yi ta ne domin gudu a titi, tarakta kuwa tana buƙatar tafiya a hankali da ƙarfin ja. Sai an gajarta ƙashin motar, an sauya lissafin giya yadda gudun zai ragu ƙarfin ya ƙaru, an sa manyan tayoyi a baya waɗanda za su kama ƙasa. Ya zaɓi injin Morris mai silinda shida, na motocin sojan Birtaniya, ya haɗa shi da giya da sauran sassan da ya tsinto daga wasu motocin.

Dabarar da ta bambanta shi da sauran ita ce wata 'yar na'ura da ya ƙirƙira ya kuma yi mata rajistar mallaka. Gwamnati tana sayar wa manoma kananzir a farashi mai rahusa, amma injin fetur ba ya tashi da kananzir idan yana da sanyi, domin kananzir ba ya saurin zama tururi. Na'urar Ferruccio tana barin manomi ya tayar da injin da ɗan fetur kaɗan, idan ya ɗauki zafi sai a juya shi zuwa kananzir, zafin injin ya riƙa narkar da man kafin ya shiga wurin ƙonewa. Da wannan, kuɗin da manomi ke kashewa a yinin aiki ya ragu sosai.

Ya fito da taraktar tasa kasuwa a farkon 1948 a dandalin garin Cento, manoma suka yi na'am da ita. Domin ya sayi injunan Morris masu yawa kafin su ƙare a filayen gwanjo, ya buƙaci rancen banki, mahaifinsa ya ba da gonar gidansu jingina. Da cinikin ya ƙi, da iyalin gaba ɗaya sun rasa abin da suke ci da shi. A wannan shekara aka kafa kamfanin Lamborghini Trattori.

A shekarar ce kuma ya gwada sa'arsa a tseren motoci. Ya gyara wata 'yar ƙaramar Fiat Topolino ya shiga gasar Mille Miglia, tseren mil dubu da ake yi a kan titunan Italiya. Bai kai ƙarshe ba, domin motar ta ƙwace masa ta faɗa cikin wani gidan abinci. Tun daga ranar ya yanke ƙauna da tsere, kuma wannan ra'ayi ya bi shi har lokacin da ya kafa kamfanin motoci.

Dokar da ta buɗe masa kasuwa

Kayan gwanjo suna da iyaka, kuma ya san ranar ƙarewarsu tana zuwa. A 1951 ya fitar da tarakta mai suna L33, wadda kamfaninsa ya ƙera dukkan jikinta, injin kaɗai ne na Morris. Daga nan ya koma ga injin dizal, da farko na wani kamfanin Jamus, daga baya nasa na kansa.

A 1952 majalisar Italiya ta zartar da dokar da ake dangantawa da ministan aikin gona na lokacin, Amintore Fanfani, wanda daga baya ya zama firaminista. Dokar ta kafa asusun da ke bai wa manoma rance mai sauƙin ruwa domin sayen injunan noma, da sharaɗin injin ya zama ƙirar Italiya. Abu biyu ta yi a lokaci guda: ta sa kuɗi a hannun mai saye, ta kuma kare masana'antun gida daga kayan waje. Kamfanonin da suka riga suka shirya, irin na Lamborghini, su suka kwashi garaɓasar. A tsakiyar shekarun 1950 ya gina sabuwar masana'anta, ya fara ƙera tarakta mai tafiya a kan sarƙa domin gonakin tudu da na laka.

Waɗannan shekaru su ne na bunƙasar tattalin arzikin Italiya. Matasa suna barin ƙauye zuwa masana'antun Milan da Turin, gonaki suna rasa ma'aikata, buƙatar inji tana ƙaruwa. Mutanen da suka koma birni kuma suna gina gidaje. Ferruccio ya lura da haka bayan wata ziyara da ya kai Amurka, ya kafa kamfani na biyu mai ƙera na'urorin ɗumama gida da na sanyaya ɗaki. Ya kuma so ya shiga ƙera jirgi mai saukar ungulu, har an haɗa na gwaji, amma gwamnati ta hana shi lasisi. Kafin ya cika shekara hamsin ya shiga sahun manyan attajiran yankinsa.

Saɓaninsa da Ferrari

Da kuɗi suka samu, sai ya shiga sayen motocin alfarma, har da Ferrari fiye da ɗaya. A matsayinsa na makanike bai gamsu da su ba. Yana ganin suna da ƙara, ba su da daɗin zama, kuma kulocinsu yana yawan lalacewa, abin da ke sa shi zarya zuwa Maranello domin gyara. Kamar yadda shi da kansa ya riƙa ba da labari daga baya, ya kai kukansa ga Enzo Ferrari, shi kuwa ya wulaƙanta shi, ya nuna masa cewa mai ƙera tarakta ba shi da bakin magana a kan motar tsere. An sha ƙara wa wannan labari gishiri, amma ko babu shi akwai lissafin kasuwanci a bayan shawarar da ya yanke. Ya gano cewa wasu sassan da ake sa wa motar alfarma ba su da bambanci da waɗanda yake saye domin taraktocinsa, sai dai a nan ana sayar da su ninkin ba ninkin.

A 1963 ya kafa Automobili Lamborghini a ƙauyen Sant'Agata Bolognese, tsakanin Bolonya da Modena. Zaɓen wurin yana da nasaba da siyasa. Yankin matalauci ne, hukumomin garin suna neman wanda zai kawo aikin yi, jam'iyyun masu ra'ayin gurguzu da ƙungiyoyin ƙwadago kuma suna da ƙarfi a Emilia. Ya sami sauƙi wajen kafa masana'antar, garin kuma ya sami ayyuka. Kusancin wurin da Modena ya ba shi damar ɗauko ƙwararrun da suka yi aiki da Ferrari da Maserati.

Giotto Bizzarrini, tsohon injiniyan Ferrari, shi ya zana masa inji mai silinda goma sha biyu. Ya ɗauki samari biyu da ba su kai shekara talatin ba, Gian Paolo Dallara da Paolo Stanzani, ya damƙa musu aikin injiniya, sannan wani ɗan ƙasar New Zealand, Bob Wallace, ya zama mai gwada motocin. Alamar kamfanin bijimi ce, saboda an haife shi a burujin Sa, kuma yana sha'awar wasan bijimai na ƙasar Sifen.

An nuna motar gwaji ta farko, 350 GTV, a baje kolin Turin na 1963, ba tare da inji a cikinta ba domin ba a gama daidaita shi da bodin ba. A 1964 aka fara sayar da 350 GT. Ya yarda ya sayar da motocin farko da asara domin ya ja masu saye daga hannun Ferrari, kuɗin tarakta suna toshe giɓin.

Motar da ta fito da sunansa duniya ba shi ya fara tunaninta ba. Shi burinsa mota mai ƙarfi da daɗin tafiya mai nisa. Samarin injiniyoyinsa ne suka riƙa zama bayan tashi daga aiki suna zana wata mota da aka kwantar da injinta a gicciye a bayan direba, kamar motar tsere. Ya bar su suka ci gaba, da tunanin ko ba komai za ta zama talla. An nuna ƙashinta a Turin a 1965, Marcello Gandini na kamfanin Bertone ya zana mata bodi, aka fito da ita a Geneva a watan Maris na 1966 da sunan Miura, sunan wani gidan masu kiwon bijimai a Sifen. Ba a ƙera ko dubu ɗaya daga cikinta ba, amma ta sauya yadda ake ƙera motocin gudu har zuwa yau. Duk da haka ya hana kamfaninsa shiga tsere, yana ganin rami ne da ke cinye kuɗi da rayukan matasa. A 1969 shugaban ƙasar Italiya ya ba shi lambar girma ta Cavaliere del Lavoro, wadda ake bai wa waɗanda suka yi fice a masana'antu.

Shekarun da komai ya juya

A ƙarshen 1969 yajin aiki ya mamaye masana'antun Italiya. Ma'aikata suna neman ƙarin albashi da rage sa'o'in aiki da 'yancin ƙungiya, kuma sun samu da yawa daga ciki. A 1970 aka kafa dokar kare haƙƙin ma'aikata wadda ta taƙaita ikon mai kamfani na korar ma'aikaci yadda ya ga dama. Ferruccio ya saba da shiga cikin ma'aikatansa ya naɗe hannun riga ya kama aiki tare da su, yana kallon kamfani kamar gidansa. Sabon zamanin da ake zama a teburi da wakilan ƙwadago ya zo masa a baƙo.

Sai kuma kasuwar waje ta rufta. Kusan rabin taraktocinsa a ƙasashen waje ake sayar da su. A 1971 dillalinsa na Afirka ta Kudu ya soke odar da ya yi. Mafi muni shi ne abin da ya faru a Bolibiya. Gwamnatin ƙasar ta yi odar taraktoci dubu biyar, kamfanin ya sayi kaya ya ɗauki ma'aikata domin cika alkawari. A watan Agusta na 1971 Kanar Hugo Banzer ya hamɓarar da gwamnatin Janar Juan José Torres, sabuwar gwamnatin sojan ta soke cinikin alhali wasu taraktocin suna jiran jirgi a tashar Genoa. Kuɗinsa suka maƙale a cikin kayan da babu mai saye, ga albashi yana jira duk wata.

Kafin ƙarshen 1973 kamfanin tarakta ya koma hannun abokin hamayyarsa, SAME. A 1972 ya sayar da kashi 51 cikin ɗari na kamfanin motoci ga wani attajiri ɗan Suwizalan, Georges-Henri Rossetti. A 1973 rikicin man fetur ya ɓarke bayan yaƙin Larabawa da Isra'ila, farashin mai ya yi tashin gwauron zabo, gwamnatoci suka sa dokokin rage gudu, masu sayen mota mai silinda goma sha biyu suka ja baya. A 1974, shekarar da aka fara sayar da Countach, ya sayar da ragowar kashi 49 ga René Leimer, ya fita daga harkar mota gaba ɗaya yana da shekara hamsin da takwas.

Bayan tafiyarsa, sababbin masu kamfanin suka zuba kuɗi a wata motar soja mai suna Cheetah, da fatan samun kwangila daga rundunar Amurka. An nuna ta a 1977, kwangilar ba ta samu ba, a 1978 kotu ta ayyana kamfanin a matsayin wanda ya karye. Sunan da ya tashi daga tarkacen motocin soja ya kusa nutsewa a ƙoƙarin ƙera sabuwar motar soja. Daga nan kamfanin ya yi ta sauya hannu: 'yan gidan Mimran, sai Chrysler a 1987, sai wasu masu jari daga Indunusiya a 1994, har Audi na rukunin Volkswagen ya saye shi a 1998.

Komawa gona

Ferruccio ya koma wata babbar gona da ya saya mai suna La Fiorita, a gefen tafkin Trasimeno a yankin Umbria. Ya dasa inabi, ya shiga sana'ar giyar inabi, ya riƙa farauta, ya kuma tsara filin wasan golf a cikin gonar. Mutumin da ya guje wa gonar mahaifinsa yana saurayi ya ƙare kusan shekara ashirin na ƙarshen rayuwarsa a cikin irin wannan aiki. Masu sha'awar motocinsa suna zuwa daga ƙasashe daban-daban su same shi a can, yakan karɓe su ya zagaya da su. A wannan lokaci aka haifa masa 'ya mace, Patrizia, wadda daga baya ta riƙe gonar.

Ya rasu ranar 20 ga Fabrairu, 1993, a wani asibiti a birnin Perugia, kwanaki kaɗan bayan bugun zuciya, yana da shekara saba'in da shida. An binne shi a maƙabartar Renazzo, ƙauyen da aka haife shi. Ɗansa Tonino ya kafa gidan tarihi da sunansa, wanda yanzu yake a Funo di Argelato kusa da Bolonya, inda aka ajiye taraktar Carioca ta farko a ɗaki ɗaya da Miura.

Masu ba da tarihinsa sun fi son su tsaya a kan faɗansa da Ferrari, domin ya fi daɗin ji. Amma kuɗin da ya yi wannan faɗa da su daga tarakta suka fito, taraktar kuma ta samu ne saboda wani tsohon fursunan siyasa ya ƙi yarda a raba kayan gwamnati a bayan fage, sannan wata doka ta bai wa ƙaramin manomi abin da zai saya da shi. Ernesto Rossi ya rasu a 1967, shekara guda bayan fitowar Miura, kuma kaɗan ne daga masu hawa motar suka taɓa jin sunansa. Har yau ana ƙera tarakta mai ɗauke da sunan Lamborghini a ƙarƙashin rukunin kamfanonin da SAME ya kafa, ana kuma noma da ita a gonakin kwarin Po.